Tagar Ɗakin Rachel

Kofur Japhet ya dawo daga yaƙin ƙasar Bama da kunne ɗaya da ba ya ji, da bakin da ba ya faɗin komai. Shekaru bayan haka matarsa Rachel ta samu ciki, sai ya ɗauko Ladan magini daga Dabai ya gina mata ɗakin bulo da siminti.

Ginin ne ya ɗaure wa mutane kai. Ƙofa 'yar siririya, an gitta mata ƙarfe a sama. Taga kuwa ɗaya tal, wadda ko kyanwa sai ta yi shawara kafin ta bi. Ladan ya so ya faɗaɗa ta, Kofur ya daka masa tsawa.

Larai yayar Rachel, wadda ba ta taɓa ganin abu ta bar shi ya wuce lafiya ba, ta zagaya ɗakin tana taɓe baki.

"Wanga ba ɗaki ba ne, gadurun ne. Irinai soja ka kulle mutane. Ko dai yana zargin cikin ga ba nashi ba ne?"

Rachel ba ta yi laifin komai ba, amma maganar ta zauna mata. Ta fara lura da yadda yake kallon cikinta, da yadda yake bubbuga bangon da dunƙulen hannu. Tsoro ya kama ta sosai.

Ranar da ya tafi Manga taya ƙanensa noman golmo, wato noman neman aure, a gonar surukai, Rachel da Larai suka yi abin da kowa ke yi wa ɗakin laka in ya yi duhu: suka huda bango. Da gatari da taɓarya suka buɗe rami babba. Kafin la'asar, tsaga ta tashi daga kusurwar ramin har rufi.

Da Kofur ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya sa yatsa cikin tsagar ya daɗe a tsaye.

"A Bama na ga ƙasa ta girgiza," in ji shi. "Barikinmu duk manyan tagogi ne. Daga kusurwar taga bango yat tsage, kamar hakan ga. Wani ɗan Kanya na kwance kusa da ni. Bangon ya danne shi, hannunai kaɗai na samu."

"Maigida, ai ƙasa ba ta girgiza a Zuru."

"Na sani. Amma ban iya barci in ke da ɗana kuna cikin ɗakin da ban yarda da shi ba."

Da ta ji ya ce ɗana, kunya ta rufe ta. Shi kuwa ya ja da baya, ya ƙare wa ramin kallo, ya auna faɗinsa da hannuwa biyu.

"Rachel, wanga ya hi ƙarhin shan iska. Mutum na iya hita ta nan. Wa kike gudu?"

Ta waiga neman Larai, amma Larai ta riga ta fice.