Allon Zayyanar Baba Goni

"Ki zuba a hankali, kada ya zuba ƙasa," in ji Muzammil. Yana riƙe da allon a kan ƙwarya, ƙanwarsa Kubra tana tsiyaya ruwa daga buta. Ina shigowa gidan da sallama na tarar da su haka. Ruwan da ke sauka cikin ƙwaryar ja ne gauraye da ruwan ɗorawa.

"Muzammil! Mi kake yi haka?"

"Rubutu ne, Inna Maimunatu. Likitoci sun sallamo Baba, sun ce sai addu'a. Wani malami ya ce babu allon da ya kai wannan albarka."

Na fizge allon, amma aikin gama ya gama. Hannuna ya yi jawur.

Baba Goni, mahaifinsu, maƙwabcina ne tun da suka baro sansanin gudun hijira na Assaga suka kama ɗaki a unguwarmu a Diffa. Ranar da suka gudo daga Damasak bai ɗauki tukunya ba, bai ɗauki bargo ba. Allon nan ya ɗora a ka, ya ratsa kogin Komadugu ruwa iya wuya. Kakan kakansa ne ya zayyana shi tun zamanin da Kukawa ke babban birni, ranar saukar karatunsa. Allon zayyana kuwa na kallo ne, ko yaro ya san ba a wanke shi.

Kowace la'asar in na dawo daga tallar tattasai sai ya kira ni.

"Zo ki gani, ɗiyata. Dubi layin nan, ya shiga ƙarƙashin wancan, ya fito can. Ki bi shi da ido, ba ki samun inda ya tsaya."

Ni da ban yi karatu mai zurfi ba, na sha bin layin nan har tuwona ya ƙone. 'Ya'yan cikinsa kuwa ban taɓa ganin ɗayansu ya zauna ya duba ba. Sai ran nan suka tuna da shi, da buta a hannu. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

"Rai ya fi katako, Inna," in ji Muzammil, idonsa ya kawo ruwa. Ya shiga ɗaki da ƙwaryar, na bi shi. Shi da Kubra suka tallafi tsohon, ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya haɗiye.

Da ya ɗan samu numfashi sai ya miƙa hannu wajen ƙusar bango inda ake rataye allon.

"Ku ba ni allona in gani."

Ba wanda ya motsa. Kubra ta sunkuyar da kai. Ni ce na miƙa masa, don ba zan yi wa mai barin duniya ƙarya ba.

Ya daɗe yana kallon farin katakon. Ya sa yatsa ya bi inda layin yake a da, ya shiga, ya fito, bai yi kuskure ba. Sannan ya dubi ƙwaryar.

"Ashe shi na sha," ya ce.

Ya juya fuska bango. Kafin la'asar ya cika.

An yi sadakar uku, an watse. Na yi wanki, na yi alwala ba adadi, amma akwai ɗan ja da ya maƙale a ƙarƙashin farcen babban yatsana. Ban kankare shi ba.