Gyaran Fensir a Zanena

Wata huɗu da fara aikina a masana'antar akwatunan mitar wuta da ke garin Cikarang, na riga na yarda cewa da injiniyanci aka haife ni. Duk abin da na zana, na ƙarfe ko na roba, cif-cif yake fitowa. Bu Herlina, shugabar sashenmu, takan ɗaga zanena a taro ta ce, "Ku dubi aikin Kinasih, jiya-jiya fa ta baro jami'a." Ni kuwa da littattafan soyayya suka cika wa kai, sai in koma ɗakin hayata ina jin ƙarfe ma ya kamu da sona.

Ana saura mako guda sallah, Pak Darsono, dattijon da ke yanka farantin ƙarfe ya lanƙwasa, ya tafi ƙauyensu can Wonogiri. Aka ɗora Mas Gandung a kan injinsa, ɗan kwantiragi mai jiran a tabbatar da shi. A hannunsa sabon zanena ya faɗa. (A wajenmu Bu da Pak ake kiran manya mata da maza don girmamawa, Mas da Mbak kuma kamar a ce yaya namiji da yaya mace.)

Ranar Laraba akwati ɗari biyu suka fito, ko ɗaya murfin roba bai zauna a kansa ba. Duk sun yi faɗi.

"Da ido ka auna ko da ƙafa?" in ji Bu Herlina, tana duban Mas Gandung.

"Bu, wallahi abin da ke takarda na bi."

"Takardar yarinyar da wata huɗu ba ta taɓa kuskure ba? Gobe ka same ni a ofis da katin aikinka."

Wani daga bayan injin walda ya ce, "Gandung, akwati aka sa ka ko bahon wankan jarirai?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi.

Bayan azahar na sauka ƙasa wajen injina in ɗauko ma'auni a aljihun teburin Pak Darsono, don in nuna wa kowa zanena lafiya lau yake. A ƙarƙashin ma'aunin na tarar da tarin takardu. Zane-zanena ne, tun na farko. A kowanne an ja siririn layin fensir a kan lambata, an rubuta wata 'yar ƙarama a ƙasanta. Nan an rage milimita uku, can huɗu.

Sai na tuna. Ƙarfe idan aka lanƙwasa shi yakan miƙe a gwiwar, dole a rage tsawon faranti tun kafin a yanka. An koya mana a aji uku. Na ci jarrabawar na manta.

Na kira Pak Darsono a waya. Ina jiyo kaji da hayaniyar jikoki a bayansa.

"Pak, me ya sa ba ku taɓa gaya mini ba?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba Mbak. Ni da na tsaya a firamare, in buɗe baki in gyara wa mai digiri? Bakin ne ya yi nauyi. Fensir kuwa ba ya jin kunyar kowa."

"Gobe za a sallami Mas Gandung."

Dariyar ta ɗauke. Can ya ce, "Innalillahi. Ni fa na kawo shi aikin nan."

Abin da na yi bayan haka shi ne har yau yake ƙona ni. Na mayar da takardun, na rufe aljihun, na tafi gida. Da bakin azumi. Aka kira magariba na sa dabino a baki, ban fasa lallashin kaina ba: wa ya sani, ƙila ya samu wani aikin.

Da safe na iske Mas Gandung a ƙofar ofis, ya sa wankakkiyar riga, katinsa a hannu. Da ya gan ni sai ya rusuna, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar.

"Mbak Kinasih, ki yafe ni. Na ɓata miki zane."

Na sauka da gudu, na kwaso takardun, na shiga gabansa na zube su a teburin Bu Herlina. Na faɗi komai, ina kuka kamar 'yar aji ɗaya, har da cewa tun jiya na sani.

Ta daɗe tana juya shafukan. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gandung, koma kan injinka." Sannan ta dube ni. "Ke kuma je ki sito ki karɓi takalmin aiki. Wata uku kina ƙasa kina miƙa masa faranti, har hannunki ya san abin da kanki ya zubar."

Muka fito tare, na kasa kallon fuskarsa. A kan matakala ya tsaya, yana sosa ƙeya.

"Mbak, ki ce su haɗa miki da safar hannu. Bakin farantin nan yanka yake."