Waƙar Zenon

Ƙanena Hilario ba ya iya gaida mace harshensa bai sarƙe ba. Amma miƙa masa carango, ɗan ƙaramin molon nan nasa, sai ka rantse wani ne daban. Duk kwarinmu ba mai kaɗa wayno, kiɗanmu na gargajiya, kamarsa.

Domitila yake so, 'yar mai saƙar barguna. Damina guda ya kwashe yana tsara mata waƙa a wajen kiwo, na sha jinta har ta ginshe ni. Babu sunan kowa a ciki, sai "kurciyata", yadda mazan garinmu suka saba tun kaka da kakanni.

Na ce, "Kai sakarai, kurciya nawa ce a garin nan? Sa sunanta mana."

Ya ce, "Haba Yaya, ai za ta gane."

Ranar bikin tonon dankali ya kaɗa ta a dandali, kansa a sunkuye. 'Yan mata suka yi ta juyi, kowacce na zaton da ita ake. Domitila ce kaɗai ba ta kawo komai a ranta ba.

Sai ga abokinsa Zenon, direban babbar mota, ga murya ga rashin kunya. Ya ce, "Mutumina, ara mini waƙar nan, akwai wata da nake nema." Hilario bai ko tambaye shi wace ce ba, ya ba shi. Zenon ya je ƙofar gidan mai barguna, ya cire kurciya ya sa Domitila.

Da bikinsu ya zo, wa za a kira in ba Hilario ba? Na hana shi, ya ƙi ji. Giyar masara ta zaga, rawa ta yi daɗi, amarya ta matso da hankici a hannu.

"Hilario, don Allah kaɗa mini waƙar Zenon. Ka san fa ita ta sace ni. Na ce duk wanda ya iya tsara wannan, ba na barinsa."

Na buɗe baki zan fasa ƙwai, Hilario ya take mini ƙafa.

Ya kaɗa. Ban taɓa jin ya kaɗa ta haka ba. Ita tana rawa tana hawayen daɗi, ango ya kasa kallon inda muke, ni kuwa baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Tun ranar Hilario bai sake tsara wata ba. Waccan kuwa, duk biki sai an roƙa, kuma har yau waƙar Zenon ake ce mata. Har shi ma haka yake cewa.