Ruwan da Ba Ya Wajabta Wanka

Kafinta ya gyara zama a kan bencin asibitin karo na uku, ya sa yatsa ya taɓa ƙusar da ta leƙo a gefen katakon. Aikin ganganci, wanda ya yi shi ko goge bakin bai yi ba. Shi kaɗai ne namiji a layin masu awon ciki. Mata kusan ashirin, kowacce da katinta a hannu, suna satar kallonsa. Matarsa tana can ƙarshen bencin, ta bar wurin mutum biyu a tsakaninsu.

Wata tara ke nan da aka yi mata tiyata aka ciro 'yan biyu. Ranar sallama likita ya zaunar da su ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai bayan shekara biyu, don ɗinkin mahaifar ya kama sosai. Aka nuna musu allura, aka nuna musu ƙwayoyi, aka nuna musu roba. Kafinta ya ce a bar shi, yana da tasa dabarar: zai riƙa janyewa kafin ya kawo. Mutum ne mai auna katako sau biyu kafin ya ɗora zarto, ya kuma ɗauka jikinsa ma haka yake jin magana.

Da safiyar nan ta miƙo masa tsinken gwaji, layi biyu sun fito raɗau. Ya juya shi ya duba bayansa, kamar akwai wani bayani a can.

"Ni dai ko sau ɗaya ban yi kuskure ba," ya ce.

"Me kake nufi?"

"To na waye?"

Ba ta yi kuka ba. Ta shirya yaran, ta kai su gidan yayarta, ta dawo ta ce masa ya tashi su je asibiti a gaya masa.

Da aka kira lambarsu, Kafinta ya riga ta miƙewa. Ya roƙi ungozomar ta gan shi shi kaɗai tukuna. Dattijuwa ce mai tabarau rataye da igiya, ta ga maza iri-iri a ɗakin nan, ta nuna masa kujera ba tare da ta daina rubutu ba. Fanka na juyawa a kasalance, takardun kan teburin an danne su da kwalbar auduga.

"Sista, wai akwai gwajin da ake yi a san uban ciki?"

Ta ajiye biro. "Akwai. Amma me ya kai ka nan, Malam?"

Ya yi bayani yana kallon ƙafar teburin. Ya faɗi tiyatar, ya faɗi dabararsa, ya rantse bai taɓa makara ba. A nan muryarsa har ta ɗan yi ƙarfi, don abin alfahari ne a wurinsa.

"Na yarda," ta ce. "Ruwan farko fa? Wanda ke fitowa da zarar sha'awa ta motsa, tun ba a je ko'ina ba?"

"Maziyyi? Haba Sista, ai wannan ba komai ba ne. Tun muna yara aka koya mana, wankewa za ka yi ka sake alwala, shi ke nan. Ruwan da ko wanka ba ya wajabtawa, ta yaya zai zama mutum?"

Ungozomar ta sa tabaranta ta dube shi da kyau. Ba ta yi dariya ba, amma ta kusa.

"Wanda ya koya maka bai yi ƙarya ba. Hukuncin tsarki ya koya maka, kai kuma ka ɗauka ka yi tazarar haihuwa da shi." Ta jawo wani kwali mai zanen jikin namiji, ta nuna da bayan biro. "Ga inda yake fitowa. Fitsari yana barin tsami a wannan hanyar, shi kuma aikinsa ya wanke ta, ya sa santsi, don maniyyi ya wuce lafiya. Matsalar ita ce wani lokaci yakan kwaso 'ya'yan maniyyi ya fito da su. Ba ka jin fitarsa, ba ka da iko da shi. Kuma ɗan maniyyi ɗaya tak ya isa a ɗauki ciki."

"Ɗaya?"

"Ɗaya. Cikin ma'aurata biyar masu irin dabararka, kafin shekara ta zagayo za ka tarar da guda a kan bencin can."

Kafinta ya shafa haɓa. Ya tambaya ko a kowane namiji haka yake. Ya tambaya ko yin fitsari tsakani yana taimakawa. Ya tambaya ko laifin shekaru ne, don shi fa ya haura arba'in. Ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, tana duban agogon bango.

"Saura abu guda," ta ce. "Ba ciki kaɗai ruwan nan ke ɗauka ba. Ciwon sanyi, ƙanjamau, duk yana iya kaiwa. Za mu ɗebi jininku ku biyu, haka muke yi wa kowa. Amma in akwai wani wurin da kake wannan dabarar ban da gida, gara ka gaya mini yanzu."

Ya zabura. "Subhanallahi! Ni? Wallahi babu! Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ba daɗi, ko?" Ta ɗauki bironta. "Turo mini ita."

Ya fito yana jin kansa sakayau. Kunya tana nan, amma daɗi ya fi ta yawa, har ya yi wa matan layin sallama, abin da bai yi ba da ya zo. Ya zauna dab da matarsa, ya rage murya.

"Maman 'yan biyu, ashe nawa ne. Ta yi mini bayani tsaf. Wai ruwan nan na farko ne, kin ji abin mamaki? Ki yi haƙuri da maganar safe, rashin sani ne."

Ta naɗe katin, ta warware shi. Hannunta na hagu yana ƙasan cibiyarta, inda aka yanka.

"To madalla, an gaya maka," ta ce. "Me ta ce game da ɗinkin? Zai riƙe har wata tara, ko zai buɗe?"

Kafinta ya buɗe baki. Ya yi minti ashirin a ɗakin, ya yi tambaya ta kai goma. Ya lalubo su a kansa ɗaya bayan ɗaya, bai sami wannan a cikinsu ba.

Ta jira kaɗan, sannan ta miƙe ta gyara mayafinta. Ungozomar ta leƙo daga ƙofa.

"Shigo, 'yata. Maigidan zai zauna tare da mu?"

"A'a, Sista," ta ce. "Shi ya gama nasa."