Tankar da ke Gabas da Rijiyar Mastur

Bayan yaƙi ya gushe daga Alamain, sojojin Ingila suka ba dangin Mastur izinin komawa ƙasarsu. Babu wanda ya motsa, kowa na tsoron nakiyar da aka binne cikin rairayi. Mastur kaɗai ya ɗora tantinsa a kan raƙuma, ya kora awakinsa. Matarsa Salha tana can. Ya binne ta kusa da rijiyarsu shekara guda kafin a tashe su, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Ya tarar da rijiyar, amma bai ga kabarin ba. Ƙasar kamar an yi mata huɗa, ga tankokin yaƙin Jamusawa nan a ƙone, wata an fille mata kai, wata ta kife, sarƙar ƙafarta a warwatse. Ya auna taku arba'in daga rijiya zuwa gabas, inda ya san ya jera duwatsu, sai takun ya ƙare a jikin wata tanka mai baƙin gicciye.

Da ya leƙa ciki ya ga ƙasusuwan mutum biyu. Ya kwashe su a bargo ya binne can nesa, don bai ga dacewar baƙin maza su kwanta a kan matarsa ba. Ya kafa tanti a gefe. Kwana da kwanaki ba ya jin muryar kowa sai kukan iska cikin ƙarafa.

Da damina ta sauka, Imraja, yayan Salha, ya zo a kan raƙuminsa.

"Suruki, ashe gadi Jamusawa suka ba ka? An yi maka hula kuwa?"

"Sauko ka sha shayi, Yaya. Ƙanwarka ce a ƙarƙashin nan."

Imraja ya daina dariya. Suka ɗaura wa tankar igiya, raƙuma biyu suka ja har kumfa ya cika musu baki. Tankar ko gezau.

"Ka tabbata nan ne?"

"Taku arba'in."

"Takunka na da, ko na yanzu da ka tsufa?"

Mastur ya kwance igiyar. Imraja ya roƙe shi su koma tare, ya ƙi. Ya bar masa dabino da sukari, ya kama hanya.

Shekara shida Mastur yana shuka sha'ir a tsakanin tankokin, da la'asar ya zauna a inuwar mai baƙin gicciyen ya yi wa Salha addu'a. Sannan masu kwasar ƙarfe suka zo daga Iskandariyya da babbar mota, suka yanyanka tankar a kwana uku. Ya tsaya yana kallo har aka ɗauke guntu na ƙarshe.

Ba dutse ko ɗaya a wurin, sai rairayi da mai ya baƙanta. Ya tona da hannu har gwiwar hannunsa ta nutse, sannan ya bari.

Direban ya ce, "Baba, me ya faɗi? Zobe?"

"Ba komai, ɗana. Ku sauka lafiya."

Da ƙarar motar ta ɓace, ya tashi ya je ya shayar da awaki.