Kuskuren Shafi na Uku

Malam Kalanda ya sake taɓa aljihunsa, ya ji tsohuwar takardar tana nan a ninke. A kan dandamali ana gwada lasifika, Shugaban Sashe kuma yana gaisawa da manyan baƙi. Littafin Shugaban ake ƙaddamarwa, kuma da shi zai nemi kujerar farfesa.

Malam ne ya koyar da shi. Amma bara, mako guda bayan Malam ya yi ritaya, Shugaban ya sa aka jibge littattafansa a baranda, ruwan sama ya bi ta kansu. Yanzu kuma ya aiko masa da kwafi da katin gayyata, wai ya zo ya sa albarka.

Shafi na uku na littafin ya yi bayanin asalin kalmar ikonomiks: daga Girkanci take, oikos gida, nomos ƙa'ida. Da fari sarrafa gida da gona take nufi, sai bayan ƙarnuka da dama ta koma tattalin arzikin ƙasa. Malam ya san kowane waƙafi, domin takardar darasinsa ce ta shekara talatin da ɗaya da suka wuce, an kwashe ba a ambaci sunansa ba. Har kuskurensa aka kwasa: ya rubuta cewa Bagirken da ya wallafa littafi a kan wannan ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, alhali na huɗu ne. Da ya gano, sai ya janye takardar, bai faɗa wa kowa ba ban da matarsa. Ɗalibai sun laƙaba masa Kalanda ne saboda sun yi imani bai taɓa kuskuren shekara ba.

Matarsa ta raɗa masa ya bar yaron da Allah. Ya ce ita ba littattafanta suka jiƙe ba.

"To ka sani," in ji ta, "in ka tona shi, kanka ka fara tonawa. Daga yau babu Kalanda."

Shugaban ya sauko da kansa, ya riƙo hannun Malam har gaban makirufo, yana cewa, "A hankali, Baba, akwai matakala."

Malam ya gyara tabarau, ya warware takardar a kan teburi, ya dubi layin gaba inda 'yan kwamitin ƙarin girma ke zaune.

"Kafin in sa albarka," in ji shi, "akwai wani kuskure nawa da na daɗe ina ɓoyewa. Ku buɗe shafi na uku."