Layar da Aka Kai Tsafe

"Takardarka ta mutu tun jiya," in ji Malam Sahabi akawu, bai ko ɗago kai daga littafin da ke gabansa ba.

Labbo maƙeri na tsaye a bakin rumfar ofis, hannu duk gawayi. Shekararsa biyu a Gusau yana wasa diga da ƙera ƙusoshi wa masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ba a taɓa maido masa da aiki ba.

"Mi ya kashe ta, Malam? Masassara?"

"Riƙe ba'arka. Kai Ba'adare ne, talakan Faransi, izinin aikin da suka ba ka na shekara biyu ne. Wakilinsu ya sauka barikin Tsafe yana sabunta wa mutanensu, ran Lahadi zai tashi. Ka kawo sabon hatimi, ka ci gaba da aikinka. Ba ka kawo ba, 'yan sanda su raka ka kan iyaka su danƙa ka."

Labbo ya san abin da danƙawa take nufi. Faransi ɗibar soja suke yi, kuma ƙato irinsa ba sai an duba haƙoransa ba. Haka aka tafi da wansa, har yau ko hularsa ba a gani ba.

"Ga hatimi nan kan teburinka ina gani. Buga mini."

"Wannan na Ingilishi ne."

"To aikin wa nake yi? Ba na Ingilishi ba?"

"Aikin nasu ne, kai na wasu ne. Matsa, akwai mutane bayanka."

Ranar Litinin ce. Labbo ya kashe wutar maƙera, ya kama hanyar Tsafe da ƙafa yana zagi shi kaɗai. Ya isa Talata da la'asar, ya tarar da layi ya zagaye kukar bariki: masu haƙa rijiya, 'yan raƙuma, Fulani da sandunansu. Sai Laraba bayan azahar aka kira shi.

Wakilin wani jan Bature ne mai gashin baki, yana ta korar ƙuda da hula. A gefensa tafintansa Mas'udu ke tsaye, ya sha jar dara yana hura hanci.

"Takarda," in ji Mas'udu.

Labbo ya kwance wata jar laya daga damtsensa. Tun da gara ta cinye takardar wani maƙwabcinsa ya kai tasa wurin baduku aka ɗinke ta cikin fata. Ya zaro wuƙa, ya farke ɗinkin, ya miƙa abin da ke ciki da hannu biyu.

Bature ya warware. Wata 'yar saiwa ta faɗo kan teburi. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, fuskarsa ta ƙara ja. Mas'udu ya leƙa, sai ya fashe da dariya.

"Kai, maƙeri! Ayoyi ka kawo wa Nasara? Aljani ya kama shi, ko mayu ke binsa?"

Layi ya ɗauki dariya. Nan take Labbo ya gane abin da ya faru. Layu biyu baduku ya ɗinka masa da fata ɗaya, rana ɗaya: ɗaya takardarsa, ɗaya layar tsari da malam ya rubuta don cikin matarsa Hadiza. Da ta haihu a gidan iyayenta a Rawayya, shi da hannunsa ya ɗauki ɗaya ya sa cikin kayan suna. Ba wanda zai ɗora wa laifi, wannan ne ya fi ƙona shi.

"Gaya masa tana nan. Tana wuyan yaro. Zan kawo ta."

Bature ya yi magana da ƙarfi yana buga teburi.

"Ya ce Lahadi da hantsi zai hau doki," in ji Mas'udu. "Ya ce in ka sake yi masa wasa, da igiya za ka bar nan."

Labbo ya bar wa wani Buzu wuƙarsa da rigarsa jingina, ya hau raƙuminsa. Ya ratsa Gusau bai sauka ba, ya wuce Bungudu, Juma'a da hantsi ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gidan surukansa.

Nan wata masifar ta tare shi. Hadiza na cikin wankan jego, ko arba'in ba ta yi ba. Yaron ɗan fari ne, uba mai kunya ba ya ko kallonsa gaban mutane, balle ya taɓa. Uwar Hadiza kuwa, Inno, tun da aka ɗaura aure Labbo bai taɓa haɗa ido da ita ba.

Ya cire takalmi, ya tsugunna bayan zana, ya gaishe ta murya ƙasa-ƙasa. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Mi ka ce?" Muryar Inno ta tsallako zana. "A tuɓe wa jinjiri layar tsari ran Juma'a? Don Nasara?"

"Inna, ba laya ba ce. Takardar aiki ce."

"Kwana talatin tana wuyansa, ko tari bai yi ba. Ka ce mini ba laya ba ce?"

"Rubutun Faransi ne ciki, Inna."

"Ko na Fir'auna ne, ya karɓe shi. Ba mai taɓa ta. Tashi ka ba mutane wuri, marar ta-ido."

Labbo ya dubi rana. Ta fara hawa, kuma Tsafe ba kusa ba. Ya miƙe, ya ɗage zana, ya shiga tsakar gida. Mata suka watse suna salati. Inno na zaune kan tabarma da jariri a cinya, baki buɗe. Ya durƙusa gabanta, ido cikin ido, ya kama zaren da ke wuyan ɗansa ya tsinke da haƙori. Yaron ya tsala ihu.

"La'ilaha illallahu! Ɗan maƙera ya shigo mini gida! Wallahi ɗiyata ba ta komawa gidanka!"

Hadiza ta leƙo daga ɗaki, jiki na tururi. "Labbo, hauka kake?"

"In ban kai ta ba soja za su kai ni. Zaɓi wanda kike so, mahaukaci ko gawa."

Ya ajiye layar malam da ya farke a kan tabarma, ya fita. Ludayin da Inno ta jefo ya same shi a ƙeya, bai waiwaya ba.

Lahadi da hantsi ya iso Tsafe, raƙumi na kumfa. An riga an naɗe tanti, ana ɗaura akwatuna kan jakuna. Bature na tsaye da ƙafa ɗaya a likkafa. Labbo ya sha gabansa, ya yage fatar da haƙori.

Abin da ya fito kamar tsumman kitso. Kwana talatin ana yi wa jariri wanka da ruwan zafi safe da yamma, ana shafe shi da man shanu. Tawada ta narke, hatimi ya koma wani shuɗin tabo, suna ya tafi.

Bature ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya sake ta a ƙasa, ya yi ta zuba magana.

"Ya ce ya san irinku," in ji Mas'udu, yana jin daɗin faɗa. "Talakawan Ingilishi masu gudun haraji, ku zo ku ce ku na Faransi ne. Ya ce kai ba nasu ba ne, ba su san ka ba. Kauce wa doki."

"Ni? An haife ni a Adar! Ubana da kakana can aka bizne su! Kun ɗauke mini wa, yau ku ce ba ku san—"

Sai dabara ta faɗo wa Labbo. Ya dubi takardar da ke ƙasa, ya dubi Bature. Ya damƙi linzamin doki.

"Ka ce masa ƙarya yake. In ya isa, ya rubuta."

"Kai, kana son ranka kuwa?"

"Faɗa masa! Ka ce na ce ba shi da zuciyar da zai rubuta cewa ni ba nasu ba ne, ya buga hatimi."

Mas'udu ya faɗa, ya ƙara gishiri. Bature ya diro, ya sa aka kwance akwati. A kan sirdi ya yi rubutun, alƙalami na huda takarda, ya dunƙule hannu ya buga hatimi, ya jefa wa Labbo a ƙirji.

Talata da safe Malam Sahabi ya shiga da takardar wurin Baturen da ke kula da aikin jirgin, ya daɗe, ya fito yana susar gemu.

"Ka san abin da ka ɗauko wa kanka? Ta ce kai maƙaryaci ne, talakan Ingilishi ne, a hore ka."

"Ta ce ni na Faransi ne?"

"Ta ce ba nasu ba ne."

"To wa za ku danƙa wa ni a kan iyaka?"

Akawu ya koma kan teburinsa. Ya jawo littafi, ya ja layi kan sunan Labbo a shafin baƙi, ya sake rubuta shi a shafin 'yan ƙasa.

"Amma Bature ya ce bulala shida, don ka raina wa wakilin Faransi hankali."

Labbo ya tuɓe 'yar taguwarsa, ya jefar gaban ɗan sanda, ya kwanta rub da ciki a kan turɓaya.

"Buga, ɗan'uwa. Ka kuma ƙirga da kyau, don wallahi ta bakwai ramawa zan yi."